Yadda ake kafa sabar musayar fayiloli ta kamfani a Sakkwato ba tare da an bar ƙofa a buɗe ba

Ɗauki misalin kamfanin dillancin kayan masarufi mai babban ofishi a cikin garin Sakkwato, da rassa a Illela, Tambuwal, Gusau da Birnin Kebbi. Idan wata ya ƙare, akantan kowane reshe yakan turo lissafin ciniki da jerin albashi ta WhatsApp, daga wayarsa ta kansa. Fayil ɗin da ya yi nauyi kuwa sai a zuba shi a filash, a damƙa wa direban mota a tasha. A cikin jerin albashin nan akwai sunan kowane ma'aikaci, lambar asusunsa ta banki, wani lokaci har da lambar NIN. Ranar da akantan ya ajiye aiki, ko aka sace wayar, duk wannan ya tafi, kuma babu wanda zai iya faɗin abin da ya fita ko yaushe ya fita.

Maganin wannan shi ne kwamfuta guda da aka keɓe don aiki ɗaya tak, wato karɓar fayiloli da miƙa su. Ita ce wasu ke kira uwar garke, masu sana'ar kuma suna ce mata saba. Kowa yana da ɗakinsa a cikinta, kowa da makullinsa, kuma ana rubuta duk wanda ya shiga da abin da ya taɓa. Kalmar keɓewa ita ce ginshiƙi. Kada a ɗora mata shafin intanet na kamfani, kada sakatare ya riƙa buga wasiƙa a kanta. Duk manhajar da aka ƙara, taga ce aka ƙara wa ginin.

Wace hanya fayil zai bi

Akwai sunaye uku masu kama da juna da ke rikita mutane: FTP, FTPS da SFTP. FTP tsohuwar hanya ce, ƙa'idar da ake aiki da ita an rubuta ta tun 1985, kuma tana aika suna da kalmar sirri a fili. Duk wanda ke kan layin Wi-Fi ɗaya da kai, idan ya san abin da yake yi, zai karanta su kamar rubutun allo. Chrome da Firefox duk sun cire ta a 2021. Idan wani ya zo zai haɗa maka saba ya ce ƙofa ta 21, wato lambar mashigar da FTP ke bi ta shiga saba, kawai zai buɗe, ka tambaye shi dalili.

FTPS ita ce FTP ɗin da aka lulluɓe da kariya. Tana aiki, sai dai tana buƙatar takardar shaida da za a riƙa sabuntawa, da jerin ƙofofi da dama a buɗe, kuma a nan ne take yawan saɓawa da rawta. SFTP kuwa ba 'yar gidan FTP ba ce ko kaɗan, suna ne kawai ya zo ɗaya. Tana tafiya ne a cikin SSH, wato hanyar shiga kwamfuta daga nesa a kulle, ta ƙofa guda, ta 22, komai a kulle tun daga gaisuwar farko. Manhajar da ke yin ta, OpenSSH, kyauta ce, tana nan tun 1999, kuma ana samunta a kowace Linux, wato babbar manhajar da za ta tafiyar da sabar. Ita za mu bi.

Akwai kuma manyan manhajojin kuɗi masu shafin shiga ta burawuza, da rahotanni, da jadawalin aikawa. Suna da amfaninsu ga banki ko babban kamfani. Amma tsada ba ita ce tsaro ba. A watan Mayun 2023 gungun masu kutse da ake kira Cl0p sun sami kafa a manhajar MOVEit Transfer, ta shafinta na intanet, suka kwashe bayanan dubban ma'aikatu da kamfanoni, yawancinsu a Amurka. A farkon shekarar irin haka ya sami GoAnywhere. Dukansu manhajoji ne da aka saya don a tsare fayiloli. Abin lura a nan shi ne ta shafin burawuza aka shiga, abin da sabar SFTP zalla ba ta da shi ma.

A ina za a ajiye ta

Nan ne Sakkwato ke da nata hukuncin, kuma gara a tsaya a kai kafin a sayi ko da waya ɗaya.

Matsala ta farko adireshi ce. Kafin reshen Illela ya iya ƙwanƙwasa ƙofar sabar da ke ofishinka, dole layinka ya kasance da adireshin IP na fili, wato lambar da za a iya samunka da ita kai tsaye daga intanet. Rawtar da ke aiki da layin MTN ko Airtel ko Glo galibi ba ta da shi, domin kamfanin yana cusa dubban masu layi a bayan adireshi guda. Ƙaramin tsarin Starlink, wanda ya shigo Najeriya a Janairun 2023, shi ma haka yake. Gwajin ba wuya: shiga shafin rawtarka ka duba adireshin da aka ba ta daga waje, sannan ka tambayi Google adireshinka. Idan sun bambanta, ko kuma na rawtar ya faɗo tsakanin 100.64 da 100.127, to kana bayan katangar kamfani ne. Ko ka kwana kana buɗe ƙofa a rawta, babu wanda zai iso.

Mafita uku ce. Ko ka nemi tsayayyen adireshi daga mai ba ka intanet, ka biya kuɗinsa. Ko ka yi hayar saba a cibiyar bayanai, a Legas ko Abuja ko Turai, inda wuta da sanyi da layi ba damuwarka ba ne. Ko kuma ka haɗa biyun: fayiloli su zauna a ofishinka, ka yi hayar 'yar ƙaramar saba a waje wadda aikinta kawai ta zama mahaɗa, ofis da rassa duk su same ta ta WireGuard, manhajar da ke haƙa rufaffen rami tsakanin kwamfutoci a cikin intanet.

A ganinmu, kamfanin da ba shi da ma'aikacin kwamfuta na dindindin ya yi haya kawai. Sai dai a sani cewa masu bayar da haya na ƙetare da dala ko yuro suke karɓar kuɗi, kuma idan katin biya ya ƙi aiki kuma aka bar kuɗin ba a biya ba, suna iya goge sabar da duk abin da ke ciki. A sa ranar biya a kalanda, kuma wasiƙun gargaɗi su riƙa zuwa adireshin imel na kamfani, ba na yaron da ya haɗa ba.

Sannan a yi lissafin layi. Abin da ya shafi saba shi ne saurin ɗorawa, ba na saukewa ba, kuma masu talla na biyun suke faɗa. Fayil mai gigabait 1 a kan layin da ke ɗora megabit 10 a daƙiƙa zai ci kusan minti 14. Idan layin megabit 2 ne, ya haura awa ɗaya. Ga takardun lissafi wannan ba komai ba ne. Ga asibiti mai tura hotunan na'ura, ko ɗan kwangila mai zanen gini, shi ne zai yanke maganar.

Idan a ofis za ta zauna: wuta, zafi, ƙura

Ba a buƙatar dodon inji. Ƙaramar kwamfutar ofis mai ƙwaƙwalwar gigabait 8 ta isa ma'aikata hamsin har da saura. A sa mata faifan SSD ɗaya mai gigabait 256 don Linux, da faifan ajiya biyu masu girma ɗaya, a ce terabait 2 kowanne, a haɗa su a tsarin RAID 1, wato duk abin da aka rubuta a ɗaya yana kan ɗayan. A saye su sababbi. Injin kansa na hannu ba laifi, amma faifan da aka kwance daga tsohuwar kwamfuta ba ka san shekara nawa ya yi yana juyawa ba. Idan dole sai shi, umarnin `smartctl -a` zai nuna maka awannin da ya yi yana aiki da adadin gurabun da suka lalace.

Wutar Kaduna Electric, wadda ke ba Sakkwato da Kebbi da Zamfara, ba abin da za a jingina saba da shi kai tsaye ba ne. Ɗaukewar ba ita ce babbar illa ba, yankewa a tsakiyar rubutu ita ke lalata faifai. Ga lissafin: injin da rawta tare za su ci wajen wat 60. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400 a takarda, amma batirin ruwa ba a zuƙe shi ƙasa da rabi idan ana so ya yi ƙarko, inbata kuma tana cin nata kason. Abin da zai rage bai wuce wat-awa 1,000 da 'yan kai ba, kimanin awa 16 ke nan. Wannan idan sabar ce kaɗai a kan layin. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne, bayan sati biyu sai ka tarar an jona fanka, da cajar waya shida, da butar dafa shayi. A ja mata layinta daban, soket ɗin kuma ya kasance a cikin ɗakin da ake kullewa.

Tsakanin inbata da saba a sa ƙaramar UPS, wato akwatin batir mai riƙe wuta na ɗan lokaci, mai igiyar USB, a girka manhajar `nut` ko `apcupsd`, domin idan batir ya kusa ƙarewa injin ya kashe kansa cikin tsari. A cikin BIOS, wato saitin da ake shiga lokacin kunna injin, kuma a kunna zaɓin da ke tayar da shi da kansa idan wuta ta dawo. In ba haka ba, sai a wayi gari ranar Asabar reshen Gusau na kira, mai makullin ofis kuma yana ƙauye wajen ɗaurin aure.

Daga Maris zuwa Mayu zafin garin nan yana haura digiri 40, ɗakin da ke rufe ƙarƙashin kwano kuwa ya fi haka. Faifai yana son zama ƙasa da digiri 45. Batirin ruwa ya fi shi raki: duk ƙarin kusan digiri 10 a kan 25 yana raba kwanansa biyu, shi ya sa batirin da aka ce zai yi shekara huɗu yake mutuwa a ɗaya da rabi. A zaɓi ɗakin da rana ba ta dukan bangonsa da yamma, a ɗaga injin daga ƙasa aƙalla rabin mita, a bar masa sarari ta baya. Da hunturu kuma ƙura ce. Buɗe injin da ya yi wata uku a ofishin da ke bakin titi, za ka ga fankar ta yi gashi ja kamar an shafa mata garin bulo, ramukan ƙarfen da ke sanyaya injin sun toshe. A kashe shi duk wata a wannan lokaci, a hure da abin hura iska, a riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa a banza.

Ɗaki ga kowa

A girka Ubuntu Server 24.04, wani nau'in Linux, wadda za ta ci gaba da samun gyaran tsaro kyauta har 2029, ko Debian. Faifan ajiyar a ɗaura shi a `/srv/sftp`, daban da na Linux, domin ranar da wani ya cika shi da bidiyon biki, injin kansa ba zai shaƙe ba. A saita agogo da `timedatectl set-timezone Africa/Lagos`, saboda rajistar shige da fice da lokacinta ya karkace ba ta shaida.

Sai a ƙirƙiri rukuni, da asusun reshe na farko:

```
sudo groupadd sftpkawai
sudo useradd -M -g sftpkawai -s /usr/sbin/nologin reshengusau
sudo mkdir -p /srv/sftp/reshengusau/shigowa
sudo mkdir -p /srv/sftp/reshengusau/fita
sudo chown root:root /srv/sftp/reshengusau
sudo chmod 755 /srv/sftp/reshengusau
sudo chown reshengusau:sftpkawai /srv/sftp/reshengusau/shigowa
```

Reshe yana iya zuba fayil a `shigowa`. `fita` kuwa ta babban ofishi ce, reshe ɗauka kawai yake yi. A ƙarshen `/etc/ssh/sshd_config` a rubuta:

```
PermitRootLogin no
PasswordAuthentication no
KbdInteractiveAuthentication no
AllowGroups sftpkawai sudo

Match Group sftpkawai
    ChrootDirectory /srv/sftp/%u
    ForceCommand internal-sftp -l INFO
    AuthorizedKeysFile /etc/ssh/makullai/%u
    DisableForwarding yes
```

Layin `ChrootDirectory` shi ne bangon ɗakin. Mutumin Gusau idan ya shiga, foldarsa ita ce duniyarsa, ba ya ganin ta Illela, ba ya ma sanin tana nan. `ForceCommand` kuma yana hana shi ba injin wani umarni ban da ɗorawa da saukewa.

Kusan kowa yana tuntuɓe a wuri ɗaya. Babbar foldar mutum, da duk foldojin da ke samanta, dole su zama mallakin `root`, wato babban asusun da ke da iko da injin duka, kuma babu wani da ke da ikon rubutu a cikinsu. Mai haɗawa yakan ga reshe ya kasa ajiye fayil, sai ya mallaka masa babbar foldar don a huta. Daga nan an daina shiga ke nan: makulli zai karɓu, sai layin ya yanke nan take. A `/var/log/auth.log` za ka ga `bad ownership or modes for chroot directory`. Ba taurin kai OpenSSH ke yi ba. Wanda ke iya rubutu a tushen ɗakinsa yana iya shuka fayilolin da za su taimaka masa ya haura bangon.

Tarko na biyu na Ubuntu ne. Tana karanta fayilolin da ke cikin `/etc/ssh/sshd_config.d` kafin babban fayil, kuma a SSH maganar farko ita ke ci. Sau da yawa akwai wani `50-cloud-init.conf` a can da ya riga ya ce a karɓi kalmar sirri, sai naka `no` ya zama ado. Kada ka yarda da abin da ka rubuta, ka tambayi injin: `sudo sshd -T | grep -i passwordauth`. Kafin ka sake tayar da SSH kuma ka buga `sudo sshd -t` don a duba kuskuren rubutu, ka sa makullinka na mai kula tukuna, sannan ka bar tagar da kake ciki a buɗe har sai ka gwada shiga ta wata. Wanda ya kulle kansa a waje alhali sabar tana Legas ya san darajar wannan.

Makulli, ba kalmar sirri ba

Duk sabar da ta buɗe ƙofa ta 22 ga duniya, cikin 'yan awanni injinan masu kutse za su fara gwada sunaye da kalmomin sirri, dare da rana. Ba kai suke nema ba, kowa suke bi. Mayar da ƙofar wata lamba yana rage hayaniya a rajista, amma ba kariya ba ne. Kariyar ita ce a daina karɓar kalmar sirri gaba ɗaya.

Kowane ma'aikaci zai ƙera makullinsa a kan kwamfutarsa. A Windows 10 ko 11 a buɗe PowerShell a buga `ssh-keygen -t ed25519`. Fayil biyu za su fito. Mai ƙarewa da `.pub` shi ne kwaɗon, ana iya turo shi ko ta WhatsApp, babu komai. Ɗayan shi ne makullin, kuma ba ya barin wannan kwamfutar har abada. Idan mai haɗawa ya ce zai ƙera wa kowa ya tura masa, to an ɓata tun daga tushe. Idan `ssh-keygen` ta nemi kalmar da za a kulle makullin da ita, a sa, jimla mai kalma biyar ko shida wadda mutum zai iya riƙewa. Ita ce za ta tsaya maka ranar da aka ɗauke laftof a mota.

Kwaɗon a ajiye shi a `/etc/ssh/makullai/reshengusau`, mallakin `root`, da izinin 644. An fitar da shi daga ɗakin mutum ne don kada ya ƙara wa abokinsa makulli da kansa. Idan mutum biyu ne a reshe, layi biyu, kowanne da sunan mai shi a ƙarshe. Makulli ɗaya da ofis duka ke amfani da shi daidai yake da makullin da aka rataye a ƙusa.

Akwai wata dabara da ba a cika amfani da ita ba. Idan odita na waje zai yi aikin wata guda, a farkon layinsa a rubuta `expiry-time="20270131"`, makullin zai mutu da kansa a wannan rana ko an manta da shi. Wanda ofishinsa ke da tsayayyen adireshi kuma a sa masa `from=` da adireshin, ko an sace makullin ba zai buɗe daga wani wuri ba.

A ɓangaren ma'aikata, cikin manhajojin ɗorawa da saukewa WinSCP ta fi sauƙi, FileZilla ma tana yi. WinSCP za ta nemi ta juya makullin zuwa nata tsarin na `.ppk`, a bar ta. A shiga ta farko za ta nuna wani dogon rubutu, zanen yatsan sabar, ta tambaya ko an yarda. Kowa `Yes` yake dannawa ido rufe. Daidai shi ne mai kula ya fitar da nasa da `ssh-keygen -lf /etc/ssh/ssh_host_ed25519_key.pub`, ya kira a waya: "Malam, karanto mini haruffa takwas na farko da takwas na ƙarshe." In sun dace, a danna. Kuma a gaya wa kowa, duk ranar da manhajar ta yi gargaɗin cewa zanen ya canza, a tsaya a kira, kada a ci gaba.

Rufe sauran ƙofofi

Da `ufw`, manhajar da ke gadin ƙofofin injin, a hana duk wani mai shigowa, sannan a buɗe abin da ake bukata kaɗai. Idan ma'aikatanka ne kawai ke amfani da sabar, abin da ya fi shi ne kada ƙofa ta 22 ta ga intanet sam. A kafa WireGuard, a buɗe 51820 ta UDP, a ce SSH ba ta amsa kowa sai wanda ya fito ta cikin ramin:

```
sudo ufw default deny incoming
sudo ufw allow 51820/udp
sudo ufw allow from 10.8.0.0/24 to any port 22 proto tcp
sudo ufw enable
```

A kan layin waya abu biyu ke damun WireGuard. Idan ramin yana mutuwa bayan an ɗan yi shiru, a sa `PersistentKeepalive = 25` a ɓangaren reshe. Idan kuma ana shiga lafiya, ana ganin foldoji, amma babban fayil sai ya tsaya cak a kashi kaɗan, girman ƙunshin bayanai ne ya fi ƙarfin layin. A rage `MTU` daga 1420 zuwa 1280 a gwada. Mutane kan yi kwana uku suna zargin netwok a kan wannan.

Idan dole ƙofar ta kasance a buɗe saboda abokan ciniki na waje, a ƙara `fail2ban`, ta toshe adireshin da ya yi kuskure sau 5 cikin minti 10, na tsawon awa ɗaya. Sai dai ka tuna ofishi guda adireshi guda yake fita da shi. Magatakarda ɗaya da ya zaɓi makullin da ba shi ba zai iya jawo a toshe reshe duka.

Sabuntawa kuma ba a barin ta sai an tuna. A kunna `unattended-upgrades`. OpenSSH ma ba ma'asumiya ba ce: a Yulin 2024 an bayyana wata ɓaraka da aka laƙaba wa regreSSHion, wadda ke iya ba mutum iko da injin ba tare da makulli ba. Gyaran ya fito tare da sanarwar, waɗanda injinsu ke sabunta kansa sun samu ba su ma sani ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da aka fi shiga ta ita ce wadda aka riga aka san da ita aka ƙi liƙewa.

Fayil ya iso, amma cikakke ne?

Layi yakan yanke a tsakiya. WinSCP tana ɗora duk fayil da ya wuce kilobait 100 da sunan wucin gadi mai ƙarewa da `.filepart`, sai ya kammala ta mayar masa da sunansa, kuma tana ci gaba daga inda ta tsaya. Don haka duk wani tsari da ke kwashe fayiloli daga `shigowa` kai tsaye a koya masa ya tsallake masu wannan wutsiya. Idan kana son hana rassa goge abin da suka riga suka turo, ƙara `-P remove,rmdir` a layin `internal-sftp`. Kada ka haɗa da `rename`, in ba haka ba kowane fayil zai maƙale da sunan wucin gadi. Ga fayil mai muhimmanci, mai aikawa ya buga `Get-FileHash` a Windows, mai karɓa ya buga `sha256sum`, lambobin su zo ɗaya.

Rajista tana da nata sirrin. `-l INFO` ya kamata ya rubuta kowane buɗewa da ɗorawa da gogewa, amma wanda aka kulle a ɗakinsa ba ya iya kaiwa ga marubucin rajistar. Sai an buɗa masa 'yar kafa: a yi foldar `dev` a ɗakin, a gaya wa `rsyslog` da layin `$AddUnixListenSocket /srv/sftp/reshengusau/dev/log`. Bayan haka a ɗora fayil na gwaji a duba ko sunansa ya fito. Da yawa sai ranar da rigima ta tashi suke gano rajistarsu shiga da fita kawai take rubutawa.

SFTP a hanya take kare fayil. Da ya sauka, a fili yake a kan faifai, wanda ya ɗauke injin ya ɗauke komai. A kulle faifan ajiyar da LUKS, tsarin Linux na kulle faifai da kalmar sirri, tun ranar girkawa. Amma a kulle na ajiyar kaɗai, a bar na Linux, domin idan duka aka kulle, duk ɗaukewar wuta injin zai tsaya yana jiran a zo a buga masa kalma a gabansa. Idan na ajiyar ne kawai, zai tashi, mai kula ya shiga daga inda yake ya buɗe. Kalmar a rubuta ta a takarda, a sa a ambulan, a ba mai kamfani ya ajiye a sef. In ta ɓata, babu wani gwani a Kano ko Legas da zai dawo da bayanan.

RAID ba kwafin ajiya ba ne. Abin da aka goge bisa kuskure, ko manhajar garkuwa da fayiloli ta kulle, a faifan biyu lokaci guda yake tafiya. Ƙa'idar ita ce kwafi 3, a kan na'ura iri 2, 1 a wani gini daban. `restic` ko `borg` suna yin wannan kowane dare, a kulle, kuma abin da ya canza kawai suke aikawa, don haka ba sa cin data sosai. Duk wata uku a zaɓi fayil ɗaya a dawo da shi daga kwafin, a buɗe shi a gani da ido.

Saba ba rumbu ba ce, zango ce. Abin da ya kwana 90 a kwashe shi zuwa ma'ajiya, domin abin da ba ya kanta ba a sace shi daga kanta. Wannan ya haɗu da doka ma. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2023, ta ɗora wa kamfani alhakin bayanan ma'aikatansa da abokan cinikinsa, ta kuma ce idan aka yi kutsen da ka iya cutar da masu bayanan, a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72. Tana da sharuɗɗa a kan fitar da irin waɗannan bayanai ƙasar waje, don haka mai niyyar haya a Turai ya ji ta bakin lauyansa tukuna.

Ranar da ma'aikaci zai bar aiki, a cire layinsa daga `/etc/ssh/makullai` da na WireGuard kafin a miƙa masa takardar sallama, a kuma buga `sudo pkill -u` da sunan asusun, saboda cire makulli ba ya korar wanda ya riga yana ciki. Mai kula da sabar shi ma ma'aikaci ne, wata rana zai tafi. Tun yau mai kamfani ya kasance da nasa makullin na mai kula a cikin ambulan ɗin nan, tare da takarda mai shafi ɗaya da ke faɗin inda sabar take, wa ake biya kuɗin haya, da inda kwafin dare yake sauka.